Yadda Ake Yaudarar Bijimin Elk da 'Yar Bogi a Farautar Kwari da Baka

Duk wanda ya taɓa jin an ce wane ya yi shigar burtu, to daga wurin maharba maganar ta fito. Maharbi ne ke ɗaura kan burtu a goshi, ya lulluɓe jikinsa, ya duƙa yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya isa inda kibiyarsa za ta cimma gwanki ko barewa. Maharban kwari da baka na yammacin Amurka da Kanada su ma suna da tasu shigar burtun, sai dai su ba tsuntsu suke kwaikwaya ba. Mutum-mutumin macen dabbar da suke nema suke kafawa, namijin ya gani ya biyo. Dabbar ita ce elk, kuma mutum-mutumin nan zan riƙa kiransa 'yar bogi don sauƙin magana.

Elk ƙatuwar dabba ce daga dangin barewa masu ƙaho mai rassa. Namiji babba, wanda Amurkawa ke kira bijimi, yakan haura kilo 300, mace kuwa wajen kilo 230. Bijimin na zubar da ƙahonsa duk shekara bayan hunturu, wani sabo ya tsiro. Sun fi yawa a tsaunukan Roki, a jihohi irin su Kolorado, Montana, Aidaho da Wayomin, kuma Kolorado ce ta fi kowace jiha yawansu. A farkon ƙarni na 20 an kusa ƙarar da su, yawansu ya faɗi ƙasa da 50,000 a duk Arewacin Amurka, amma dokokin farauta da aikin kiyaye daji sun dawo da su har wajen miliyan guda. Wannan ne ya sa ba a shiga dajinsu da ka. Sai da lasisi, a cikin kwanakin da hukuma ta ware, kuma mafi yawan jihohin nan watan Satumba suke bai wa masu baka, wanda ya zo daidai da lokacin barbara.

Matsalar da 'yar bogi ta zo magancewa

A lokacin barbara bijimi yana wani irin ruri da ke farawa da gurnani ya ƙare da dogon fito, ana jin sa daga nesa. Matan kuma suna da ɗan siririn kuka, kusan irin na kyanwa. Maharbi yana kwaikwayon kukan macen da wani ɗan faifan roba da yake mannawa a ganɗa, ko da usur na musamman. Bijimi ya ji, ya amsa, ya taho. Har nan komai lafiya.

Inda ake yin ta shi ne kunnen elk ba ya kuskuren wuri. Daga nisan mita ɗari biyu ko uku ya riga ya san gindin bishiyar da kukan ya fito. Sai ya yi ta tahowa har ya kawo daidai inda idonsa zai iya hango wurin, galibi mita 60 zuwa 80, ya ja ya tsaya. Yana kallo. Ya ji mace, amma bai ga mace ba. Ya yi minti biyu ko uku a tsaye, ya juya abinsa, ko ya zagaya ta inda iska za ta kawo masa ƙanshinka. Kai kuwa kibiyarka ba ta da tabbas sai a mita 20 zuwa 40. Wannan 'yar tazarar da ta rage ita ce duk aikin 'yar bogi. Kunne ya kawo shi, ita kuma ta gamsar da ido, sannan ta ɗauke kallonsa daga kanka a lokacin da kake jan tsarkiya. Hanci kam ba ta da maganinsa. Wanda ya sayi 'yar bogi yana zaton ta raba shi da lura da iska ya yi asarar kuɗinsa.

Mataki na farko: duba doka kafin ka duba kasuwa

Kowace jiha da nata littafin dokokin farauta, kuma ana sabunta shi duk shekara. Karanta na jihar da za ka shiga. Ƙarfin baka ma akwai ƙa'ida: Kolorado ta yarda da bakan da nauyin jansa ya kai fam 35 (fam na awon nauyi, ɗan ƙasa da rabin kilo), Wayomin kuwa sai fam 50 idan elk za ka harba. Dafi a kan kibiya, wanda maharban ƙasar Hausa suka gada, haramun ne a farautar elk. Kaifin kan kibiyar ne kaɗai zai yi aiki. Haka nan fitsarin macen elk da ake sayarwa a kwalba don yayyafa wa 'yar bogi, wasu jihohi irin su Oregon sun hana shi saboda tsoron yaɗa wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da dabbobin dangin barewa, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967.

Mataki na biyu: zaɓi irin wadda za ka iya ɗauka

Farautar elk tafiya ce a kan tsauni, sau da yawa a tsayin mita 2,500 zuwa sama, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. Duk abin da ya yi nauyi a mota za ka bar shi a rana ta biyu. Shi ya sa mutum-mutumin roba mai cikakken jiki bai karɓu ba a wannan farauta.

Wadda ta fi yaɗuwa hoton mace ce da aka buga a kan yadi, aka zagaye bakinsa da siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa. Ka murɗa ta ta naɗe kamar faifai ta shiga jaka, ka sake ta ta buɗe da kanta, ka soke sandunanta biyu a ƙasa. Kamfanin Montana Decoy, wanda wani maharbin elk ya kafa a 1996, shi ya yi suna da wannan samfuri. Akwai kuma ta riƙewa a hannu, kai da wuya kawai, irin ta Heads Up Decoy. Sannan akwai wadda ake ɗaurawa a jikin bakan kansa, da kafa a tsakiya inda kibiya ke fita, irin ta Ultimate Predator. Wannan ta ƙarshen ita ce 'yar'uwar kan burtu sak, domin kai ne a bayanta kana tafiya.

Ka lura da tsayuwar hoton. Macen da ta miƙe wuya ta kafa kunnuwa tana kallo, a wurin elk alamar ta ga wani abu ne, kuma idan ta daɗe a haka ba motsi sai hankalinsu ya ƙi kwanciya. Wadda ta sunkuya tana kiwo, ko wadda ta juya baya ana ganin farin ɗuwawunta, ta fi sa su saki jiki. Ni dai ta juya bayan nan ta fi kwanta mini, don tana ce wa bijimi ga mace za ta tafi ta bar shi, shi kuwa a watan Satumba ba abin da ya ƙi jini kamar haka. Hoton namiji ban ba da shawararsa ba: yana korar ƙananan bijimai, kuma yana jawo idon wasu maharba.

Mataki na uku: shirya ta tun a gida

Buɗe ta ka shanya a waje kwana biyu ko uku, warin sabon yadi ya fita. Kada ka ajiye ta kusa da fetur, hayaƙin girki ko kayan da ka yi gumi a ciki. Koyi buɗe ta da naɗe ta ba ƙara, har ka iya yi a cikin duhu, domin ƙarfen nan idan ya kuɓuce yana yin wani fat da ba dabbar da ke yin irinsa. Idan ta ɗaurawa a baka ce, lallai ka yi atisaye da ita a ɗaure. Tana ƙara nauyi, iska na kama ta, kuma tana iya sauya inda kibiyarka ke sauka.

Mataki na huɗu: karanta iska

A kan tsauni iska tana da al'ada. Da asuba, iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa. Rana ta ɗaga ta dumama gangaren, sai ta juya ta riƙa hawa. Da yamma inuwa ta sauka, ta sake komawa gangarowa. Tsakanin juyin nan, musamman da hantsi, tana yin yawo ba alƙibla, kuma a nan ne yawancin shiri ke lalacewa. Su elk ɗin da safe sukan baro filin kiwo su hau zuwa makwancinsu a cikin duhuwar itatuwa, iska na busowa fuskarsu. Don haka da asuba kana son ka kasance ƙasa da su ko a gefensu, da rana kuma sama da su.

Riƙe 'yar kwalbar hoda a aljihu, ka riƙa fesawa kana ganin inda ta nufa. Kada ka kafa 'yar bogi kafin ka fesa. Idan hodar ta nufi wajen bijimin, tashi ka sake wuri, ko da yana ta ruri yana tahowa. Gara ka rasa wannan zama da ya shaƙi warinka, don wanda ya shaƙi mutum yakan kwashe garken duka ya tsallaka wani kwarin.

Mataki na biyar: kafa ta, idan ku biyu ne

A nan zan daɗe, don nan ne cinikin yake.

Mutum biyu sun fi mutum ɗaya nesa ba kusa ba a wannan aiki: ɗaya mai kira, ɗaya mai harbi. 'Yar bogi tana tare da mai kira. Mai harbi yana gaba, tsakanin mai kira da bijimi, da tazarar mita 30 zuwa 60 gwargwadon kaurin daji. Dalilin wannan tazara a fili yake. Idan bijimi ya saba tsayawa mita 70 daga inda kuka ya fito, kai kuma kana mita 45 a gaban mai kira, to inda zai tsaya mita 25 ne daga gare ka.

Amma kada mai harbi ya zauna a kan layi ɗaya da 'yar bogi da bijimin. Idan ya yi haka, bijimin zai taho yana fuskantarsa ƙirji a gaba, idonsa kuma ya ratsa ta kansa. Ya gusa gefe kamar mita 10 zuwa 20, kuma gefen da iska ta nufa. Ga dalili: bijimi kusan kullum yakan karkata ya bi ta inda iska za ta kawo masa ƙanshin macen da ya ji. A ce iska na kaɗawa daga dama zuwa hagu, to ta hagu zai lanƙwaso. Idan kana hagun kana jiransa, zai wuce ta gabanka ya ba ka haƙarƙari, idonsa na can kan 'yar bogi. Idan ka zauna a dama, zai zagaya nesa da kai ya shaƙi mai kira, a tashi ba komai.

Wurin kafa ta ma sai an zaɓa. Kada ka kafa ta a tsakiyar fili inda za a gan ta daga mita 200. Bijimin da ya daɗe yana kallon mace ba ta ko kaɗa kunne zai gane akwai lauje cikin naɗi, wani kuma ya tsaya can yana ruri yana jiran ita ta zo, domin a ɗabi'arsu sau da yawa macen ce ke zuwa wurin bijimi. Kada kuma ka tura ta cikin duhuwa inda ba zai gan ta ba sai ya zo dab, don ganin bazata na firgita shi. Abin da kake so shi ne ya hango wani sashe nata, ɗuwawu ko wuya, ta tsakanin itatuwa, daga mita 60 zuwa 80, ya zama sai ya ƙara matsowa kafin ya gan ta duka. Sa ta a inuwa, don yadi na ƙyalli idan rana ta doke shi. Idan akwai ɗan tudu, kafa ta a bayan tudun kaɗan yadda sai ya hau zai gan ta sosai, mai harbi kuma ya tsare kan tudun.

Ka tuna hoto ne shafal, ba shi da kauri. Bijimi na zagayawa, in ya zo ta gefenta sai ta ɓace masa kamar an ɗauke. Aikin mai kira ne ya durƙusa a bayanta ya riƙa juya ta a hankali tana fuskantarsa. Wani lokaci ɓacewar ma alheri ce, yakan matso neman inda ta shiga.

Mai harbi kuma ya durƙusa a gaban bishiya ko kurmi, ba a baya ba. Kayan sajen da ke jikinka za su haɗe da abin da ke bayanka, amma in ka ɓuya a baya rassa za su tare kibiya. Share busassun ganye da ƙirare daga ƙarƙashin gwiwarka. Ɗana kibiya. Ɗauki na'urar auna nisa ka auna itatuwa uku ko huɗu a inda kake zaton zai bi, ka haddace, don idan ya iso ba lokacin aune-aune.

Mataki na shida: ba ta murya da motsi

Mace mai rai ba ta tsayawa kamar gunki. Mai kira ya yi kuka biyu ko uku a tausashe, ya yi shiru. Ya taka ƙirare, ya fizgi ciyawa, ya mirgina ɗan dutse, domin elk dabba ce mai nauyi, tafiyarta da hayaniya. Ya ɗan karkata 'yar bogi, ya ɗaga ta ya sauke. Da ta hannu, dabarar da ta fi ci ita ce nunawa da ɓoyewa: bijimi ya tsaya yana dube-dube, ka leƙo da kan daƙiƙa biyu ko uku, ka janye bayan bishiya. Ya ga mace, ta kuma shige.

Idan ya kafe ya ƙi matsowa, mai kira ya ɗauki 'yar bogi ya ja da baya mita 20 ko 30 yana kuka ƙasa-ƙasa, kamar mace ta gaji ta kama hanya. Wannan ya fi ƙara yawan kira amfani. In kuwa yana tahowa, a yi shiru a bar shi. Mai zuwa ba a kiransa.

Lokacin wata ma yana sauya lissafi. A farkon Satumba bijimai ba su gama tara mata ba, suna yawo, sukan zo shiru ba ruri, don haka ka ba kowane zama minti 30 zuwa 45 kafin ka tashi. Wajen 20 ga wata barbara ta kankama, babban bijimi ya tara garkensa, ba zai bar mata goma ya tafi neman ɗaya a nesa ba. Sai ka lallaɓa ka shiga cikin mita 100 daga gare shi kafin ka buɗe 'yar bogi. Waɗanda suka fi faɗawa tarkon su ne matasan bijimai masu kewaya garke suna neman ta ɓata. Matan kuwa, musamman tsohuwar da ke jan garke, sun fi kowa zargi. Idan su ne a gaba, kwantar da 'yar bogi a ƙasa. Tsohuwar nan ta yi haushi guda ɗaya irin na kare, an gama.

Idan kai kaɗai ne

Kafa 'yar bogi, yi kira daga gindinta, da zarar ya amsa ka ji yana matsowa sai ka yi sauri ka matsa gaba mita 20 zuwa 30 ta gefen da iska ta nufa, ka durƙusa, ka kama bakinka. Kada ka ƙara yin kira daga sabon wurin, in ba haka ba ka mayar da idonsa kanka. Ta ɗaurawa a baka tana da amfani a fili mai ƙarancin itatuwa, amma aibinta shi ne bijimin kai zai nufo, ƙirji a gaba, kuma harbin ƙirji ƙofarsa ƙunci gare ta. Wanda bai ƙware ba ya jira ya juya.

Mataki na bakwai: harbi da abin da ke biyo baya

Idon elk a gefen kai yake, yana ganin kusan ko'ina ban da bayansa, kuma motsi yake kamawa. Ja tsarkiya lokacin da kansa ya shiga bayan bishiya, ko lokacin da ya miƙe wuya yana ruri. Bakan zamani mai ƙafafun juyi, wanda Holless Wilbur Allen ya samu rajistar ƙirƙirarsa a 1969, yana rage nauyin riƙo bayan an ja, don haka kana iya riƙewa na ɗan lokaci. Idan yana tafiya, yi ɗan kukan mace guda, zai tsaya cak. Nufi bayan ƙafar gaba, kamar kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda kibiya za ta ratsa huhu biyu. Guji allon kafaɗa, ƙashi ne mai kauri. Musulmi ya tuna da bisimilla yayin saki, in kuma ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka.

Kibiya na fita, mai kira ya ci gaba da kuka ya ɗaga 'yar bogi. Sau da yawa bijimin bai san abin da ya same shi ba, yakan yi ɗan gudu ya tsaya ya waiwayo, ya faɗi kusa maimakon ya gangara wani kwazazzabo. Jira aƙalla minti 30 zuwa awa guda kafin ka bi jini. Idan kana zargin a tumbi ta shiga, ba shi awa shida ko fiye, don in ka tashe shi da wuri zai yi nisan da ba za ka same shi ba.

Kada a yi maka abin da ka zo yi wa elk

Hoton da ya yaudari bijimi yana iya yaudarar mutum. Yawancin farautar nan a dajin gwamnati ake yi, inda kowa ke shiga. A Kolorado, kwanakin masu bindigar toka ta zamani, wadda ake ɗurawa ta baki, suna faɗowa a tsakiyar watan masu baka. Doka ta tilasta wa masu bindiga sa riga da hula masu launin lemo ko ruwan hoda mai haske, amma ba ta tilasta wa masu baka ba. A Satumban 2021, a dajin San Juan, wani mai irin wannan bindiga ya harbe wani maharbin baka har lahira bisa zaton elk ne. Saboda haka a kwanakin nan ka bar 'yar bogi a jaka, musamman ta ɗaurawa a baka, ko ka sa launin lemon kai ma. Idon elk ba ya rarrabe shi yadda namu ke yi. Kada ka zauna a bayanta idan ka ji kiran da kake zargin na mutum ne. In ka hango wani maharbi, yi masa magana da muryar mutum, kada ka ɗaga hannu kana motsi.

Kukan mace da na ɗan maraƙi kuma ba bijimi kaɗai ke ji ba. A yankin gandun dajin Yellowstone da arewa maso yammacin Montana akwai manyan beyar, zakin tsauni kuwa kusan ko'ina. Mai kira ya jingina da bishiya, ya riƙa waiwaye, gwangwanin feshin barkono na korar beyar yana rataye a ƙugu ko ƙirji, ba a cikin jaka ba.

Duk lokacin da za ka tashi daga wuri zuwa wuri, naɗe ta ka tura cikin jaka ka zuge, ko da tafiyar mita 200 ce. Ranar da aka dace kuma, ka tanadi wurinta a jakar tun a sawun farko, domin tsokar babban bijimi takan kai kilo 100 ko kusa da haka, doka ta hana barin nama a daji, ranar Satumba na da zafi, kuma sawu uku ko huɗu ne ke jiranka tsakanin inda ya faɗi da inda ka bar mota.